Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Inda Baƙo Zai Ci Abinci a Birni

Mutumin Kanya Babba idan zai shiga Kano, tun da daddare yake gama lissafinsa: kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin abin da zai kai shi, da lokacin da zai juyo don kada dare ya yi masa a hanya. Abin da ba kasafai yake shiga lissafin ba shi ne cikinsa. Sai azahar ta gota, ya gama zagayen Kantin Kwari ko Singa, ko ya gaji da zaman layi a asibiti, sannan yunwa ta taso masa gaba ɗaya. A wannan lokacin ba zaɓi yake yi ba, duk inda ƙamshi ya ja shi nan zai zauna. Wani ya dace. Wani ya biya kuɗin cefanen kwana biyu a kan faranti ɗaya. Wani kuma ya iso gida yana zaryar bayan gida.

Ba kuwa mutane kaɗan abin ya shafa ba. Tun kafin a yanke Jigawa daga Kano a 1991, har zuwa yau, Kano ce birnin mutanen Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa. Manomi zai bi riɗinsa ko zoɓorodonsa zuwa Dawanau. Yaron da ya gama makarantar kimiyya ta Kanya Babba zai tafi Jami'ar Bayero ko Zariya. Mata za su raka mara lafiya Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Murtala, ko na ƙashi da ke Dala, su shafe makonni. Da an gama kaka kuma matasa su ɗauki jaka sai Abuja, sai Legas, sai Fatakwal. Duk waɗannan, a tukunyar wanda ba su sani ba za su ci.

Akwai wani abu da ke hana mu yin maganar nan a fili, shi ne kunya. A garuruwanmu, a ga magidanci zaune a bainar jama'a yana cin tuwon saye abin magana ne, za a fara tambayar ko lafiya a gidansa. Malaman fiƙihu ma sun lissafa cin abinci a tsakiyar kasuwa cikin abubuwan da ke rage kwarjinin mutum, in dai shi ba ɗan kasuwar ba ne. Wannan tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. Amma matafiyi hukuncinsa daban. Na sha ganin dattijo ya wuni a birni da goro da ruwan leda kawai, alhali yana fama da gyambon ciki ko ciwon suga, don dai yana jin nauyin ya tambayi yaro inda ake sayar da abinci. Wannan cutar da kai ne, kuma babu wanda ya ɗora masa shi.

Kakanninmu fatake ba su sha wannan wahalar ba, saboda sun yi wa abin tsari. Mai tafiya Gwanja sayen goro yana fita da guzurin da ba ya lalacewa: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dakuwa, gumba. In ya isa zango kuma akwai fatoma, mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, a kawo masa tuwo daga cikin gida, ya kuma haɗa shi da mai saye. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, haka masu gidaje suka riƙa karɓar masu kawo shanu daga Arewa, kwana da ci duk a wuyan maigida. Fatoma ba zai ba baƙonsa abin da zai cutar da shi ba, domin in baƙon ya koma gida ya ɓata shi, kasuwarsa ce ta mutu. Yau wannan tsarin ya yi rauni sosai. Abin da ya rage a madadinsa shi ne tambaya, kuma tambaya ita ma sai an iya ta.

Wa za a tambaya

Ƙa'idar da na fi amincewa da ita ɗaya ce: ka tambayi wanda aljihunsa ya yi kama da naka, kuma yake cin abinci a wurin kullum. In ka tambayi babban ma'aikacin banki, zai tura ka inda shi yake zuwa, ka je ka ji kunya wajen biya. In ka tambayi wanda sau ɗaya ya taɓa shiga wurin, labarin rana ɗaya zai ba ka, wataƙila ranar ma an yi sa'a ne.

Direban motar haya da yaronsa suna kan gaba. Mutumin da yake bin hanya ɗaya shekara da shekaru ya san mai tuwon da miyarta ba ta kwana, ya san wadda ta canja hannu, domin shi in cikinsa ya ɓaci aikin ranar ya tsaya. A cikin kasuwa kuma, mai shagon da ka yi ciniki a wurinsa ya fi kowa. Yawancin 'yan Kwari da Singa da Ƙofar Wambai ba sa barin shago, suna da mai kawo musu abinci a kula. Bayan kun gama ciniki ka ce, "Alhaji, don Allah wa ke kawo muku abinci a nan?" Sau da yawa ma yaronsa zai aika a karɓo maka, ka ci a cikin shago a mutunce. A asibiti, nemi masu gadi da masu shara da 'yan jinyar da suka riga ka daɗewa. Ɗan adaidaita sahu shi ma ya san gari, sai dai ka gaya masa kusa kake so, don shi nisan tafiya ne ribarsa.

Wannan dogaro da direba ba ƙauyanci ba ne. Littafin da ya fi kowanne suna a duniya wajen auna gidajen abinci, wato na Michelin, kamfanin tayar mota ne na Faransa ya fara buga shi a 1900, yana raba wa direbobi kyauta don su san inda za su sha mai, su yi gyara, su kwana, su ci abinci. Sai a 1926 ya fara ba gidajen abinci tauraro. Har yau masu dubawarsa a ɓoye suke zuwa, su ci, su biya kamar kowa. Ƙarfin shaidar tasu ke nan: mai wurin bai san su ba, bai kuma ba su komai ba.

Wannan ne ya sa nake taka-tsantsan da abin da ke yawo a waya. Yanzu ka buɗe TikTok ko Facebook ko Instagram, za ka ga saurayi ko budurwa gaban tebur shaƙe da kaji da shawarma, ana zuba santi gaban kyamara. Wasunsu tsakani da Allah suke yi. Da yawa kuwa talla ce, an gayyace su, an cika musu faranti fiye da yadda za a cika maka, wani lokacin har da ɗan abin sawa a aljihu. Talla ba laifi ba ce, amma ya kamata mai kallo ya san talla yake kallo. Alamar ba ta da wuyar ganewa. Wanda duk inda ya shiga ya fi ko'ina daɗi, bai taɓa faɗin aibin wuri ko ɗaya ba, kuma ba ya ambaton farashi, wannan ba shawara yake ba ka ba. Taurarin da ake gani a taswirar Google ma haka: kada adadinsu ya ruɗe ka, karanta abin da mutane suka rubuta a watannin baya-bayan nan, musamman masu ƙorafi. Sannan ka sani mai tuwon da ta fi kowa iya miyar kuka a unguwa galibi ba ta cikin taswirar kwata-kwata.

Idan kai aka tambaya

Nan ne na fi so mu gyara, domin mu ma mukan cuci 'yan uwanmu da kwatancen da bai cika ba. Ƙaninka ya kira ka daga Kano ya ce, "Yaya, ina zan ci abinci?" sai ka ce, "Je ka Zoo Road, akwai wurare masu kyau." Me ka ba shi? Titin yana da tsawo, akwai inda kuɗin motarsa na komawa ba zai sayi faranti ɗaya ba.

Kwatance mai amfani yana ɗauke da wurin da wata alama da ba ta gushewa, kamar masallaci ko gidan mai. Yana ɗauke da abin da aka iya a wurin, don ba mai abincin da ya iya komai. Wata tuwonta ne abin zuwa, shinkafarta kuwa sai haƙuri. Yana ɗauke da lokaci, tunda waina ta safe ce, tsire kuma sai bayan la'asar. Sai farashi, tare da faɗin yaushe rabonka da wurin. Wannan na ƙarshen ya zama dole tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da farashi ya daina zama wuri ɗaya. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100. Farashin da ka sani kafin azumin bara ya zama tarihi. Ka ce masa, "Bayan masallacin, rumfa ta biyu, ka ce a ba ka tuwon shinkafa da miyar taushe. Ka je kafin ƙarfe biyu, in ya wuce haka ƙanzo za ka tarar. Amma rabona da wurin tun kafin Babbar Sallah, ka tambayi kuɗi tukuna." Da wannan ka yi masa abin da fatoma yake yi wa baƙonsa. In kuma mai wurin ɗan uwanka ne ko abokinka, faɗa masa hakan, ya san da wane kunne zai saurare ka.

Kushe ma yana da ƙa'ida, musamman a zaurukan WhatsApp na 'yan gari inda magana ɗaya kan isa ga ɗaruruwan mutane. Faɗi abin da idonka ya gani, da ranar da ka gani. Kada ka ɗauko jita-jitar cewa wance tana dafa mushe ko wane yana yanka jaki ka watsa ba hujja, don ta haka ake rusa sana'ar da ke ciyar da marayu. Akwai kuma doka. A watan Satumban 2023 wata mata mai suna Chioma Okoli ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, maganar ta yi tsawo har 'yan sanda suka kama ta, aka gurfanar da ita ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Mutane da yawa sun ga an wuce gona da iri a lamarin, ni ma haka na gani, amma ya nuna cewa rubutu a waya ba hirar dandali ba ce. Wanda ya ga abin da zai cutar da jama'a da gaske, akwai duba-gari na ƙaramar hukuma, akwai NAFDAC, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, kuma Jihar Kano tana da tata.

Ko wa ya ba ka shawara, idonka ne alƙali na ƙarshe. Kafin ka zauna, leƙa inda ake wanke kwanuka. Za ka ga robobi biyu ko uku a ƙasa. In ruwan ɗaurayar ya yi kauri, mai yana yawo a kansa, ƙwayoyin shinkafa sun kwanta a ƙasa, yarinya tana tsoma faranti ta fizgo ta miƙa a zuba wa na gaba, to ka ga abin da ya ishe ka. Duba ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke damƙo nama. Duba ko tukunya a rufe take, ko tururi na tashi in an buɗe. Wurin da layi yake, abinci ba ya daɗewa a ajiye, shi ya sa cunkoson 'yan gari alama ce mai kyau. Fanka da kujerun roba masu sheƙi ba sa gaya maka komai game da madafa.

Dalilin nacewa a kan zafi shi ne ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ba a wuta ba, ba a firji ba. A bazarar Kano, da zafi kan kai digiri 40, abin ya fi sauri. Shinkafa tana da nata sharrin na daban: in ta daɗe a ajiye, wata ƙwayar cuta kan saki guba a cikinta wadda ɗumame ba ya kashewa. Sai ɗanyen haɗi, latas da kabeji da tumatir da ake barbaɗawa a kan garau-garau ko tsire, waɗanda ba sa ganin wuta ko kaɗan. Lafiyarsu tana ga ruwan da aka wanke su da shi. Haka ƙanƙarar da ke cikin zoɓo da kunun aya. Kunun aya ma ko ba ƙanƙara, rana ɗaya ta zafi ta isa ta juya shi.

Ba tsoratarwa nake yi ba, abin ya faru a gabanmu. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Jigawa da Kano suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. A farkon 2021 ɗin dai, a Kano, garin haɗa lemo da ɗan tsami da suka lalace suka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, gwamnatin jihar ta tabbatar da rasuwar mutum 10. A duniya baki ɗaya, ƙiyasin Hukumar Lafiya na 2015 ya nuna gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 duk shekara, yana kashe 420,000, kuma kusan 137,000 daga cikinsu a Afirka suke. Wanda gudawa ta kama a hanya ya fara shan ruwan gishiri da sukari na sacet nan take, sacet ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In ta zama kamar ruwan shinkafa, ko ta haɗu da amai, ko da jini, asibiti za a nufa, ba a jira a iso gida ba.

Maganar kuɗi gajeriya ce: a tambaya kafin a zuba. "Hajiya, nawa ne malmala? Nama fa, nawa yanka?" Babu mai abincin da za ta ji haushin wannan. A manyan gidajen abinci kuwa, kuɗin da ke rubuce a takarda ba lallai shi za ka biya ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, a Legas akwai ƙarin kashi 5 na harajin jiha, wasu wuraren kuma su ɗora kuɗin hidima. Ruwan roba da aka ajiye maka a tebur ba kyauta ba ne. In da tiransifa za ka biya, a riƙe ɗan tsabar kuɗi saboda ranar da sabis zai ƙi.

Duk da wannan jan kunnen, zai zama asara mutum ya shiga Kano ya fita bai ci abin da Kano ta iya ba. Gurasa tana gaba. Ana danganta asalinta da Larabawa 'yan kasuwa da suka zauna a birnin, kuma unguwar Jakara ce cibiyarta, inda mata ke gasa ta a tanderu a cikin gidaje. Tsaya gaban mai bandashe ka kalli aikinsa: zai ɗauko gurasar ya yayyafa mata ruwa ta yi laushi, ya baɗe ta da garin ƙuli-ƙuli har sai farinta ya ɓace, ya kwarara man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir a kai, sannan ya ɗago ya tambaye ka, "Malam, yaji fa?" In da hali a haɗa da balangu mai zafi. Da kuɗi kaɗan ta riƙe ka har dare. Da safe akwai waina da miyar taushe, akwai ɗanwake, akwai koko da ƙosai, ga teburin mai shayi da haɗin kauri da wainar ƙwai, wanda shi ne gidan abincin ɗan cirani a kowane birni na ƙasar nan. A wurin mai tsire, ka zaɓi tsinkenka ka ce a mayar da shi wuta a gabanka, kada ka karɓi wanda ya huce a gefen tukuba. Mai son ɗanɗana sakwara da agushi ko amala, Sabon Gari ce wurinsu.

Legas da Abuja sai an ƙara shiri. A Legas, wanda ke neman abincin gida ya nufi inda Hausawa suka yi kaka-gida: Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende. Amma kada mutum ya shekara a garin bai taɓa zama a bukar Bayerabiya ba don tsoro. Musulmi suna da yawa a cikinsu, kuma a mayankar Oko-Oba da ke Agege mahautanmu ne cike. Abin da ake bukata tambaya ce cikin ladabi game da irin naman da ke tukunya, ba yatsina fuska ba. A shirya wa barkono da manja dai, miyarsu ba ta wasa. A Abuja kuwa unguwa ce ke yanka farashi: abin da za ka ci a Zuba ko Dei-Dei ko Mararaba, in ka nemi irinsa a Maitama ko Wuse II sai ka ninka kuɗin sau da yawa.

Mata matafiya sun fi shan wuya, domin rumfunan tasha da na kasuwa yawanci maza ne zalla a kan benci. Mafita a nan ita ce a saya a tafi da shi, kuma kula ko kwanon gida mai murfi ya fi ledar da ake ɗura miya mai zafi a ciki. 'Yar jinyar da za ta daɗe gara ta samu mace ɗaya mai tsabta a kusa su yi tsada ta mako, za ta samu sauƙi, za a kuma dafa wa mara lafiyar yadda likita ya ce, ba gishiri ko ba mai. Manyan gidajen abinci da dama a Kano suna da ɓangaren iyali, a tambaya tun daga ƙofa.

A kula da ranaku ma. Da azumi kusan duk masu abinci a cikin birnin Kano a rufe suke da rana, don haka mara lafiya ko matafiyin da ya ajiye azumi ya taho da guzurinsa, ya kuma ci a keɓe. Ranar Juma'a wurare da yawa kan tashi daga hantsi har a sauko daga masallaci. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli, ba zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, masu abinci ba sa fitowa da wuri.

Sai tsaraba. Kilishin Agadasawa ya yi suna, kuma in ya bushe sosai yana jure tafiya. A ɗaga shi a duba, wanda ya yi danshi ko yake warin tsohon mai a bar shi. Gurasa kuwa a sayo ta ba haɗi, a riƙo garin ƙuli-ƙuli da yaji daban, a haɗa a gida. In aka haɗa tun daga Kano aka ƙulle a leda, ta sha zafin mota, kafin a wuce garin Kunya a hanyar komawa gida ta fara canja ɗanɗano.